Audugar da ta shaƙe motata

A shekarun baya ni matashi ne mai ji da kai, a wani ƙauyenmu na Hausawa kusa da Makwar. Ina da tsohuwar motar dizal mai rufi, ina kai masu tsinkar auduga gona, in cuso buhuna a bayansu in za mu dawo. Har yau in na lumshe ido ina ganin safiyoyin nan: gonaki fari fat, ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, na tafiya kamar ba ya so, ɓurɓushin auduga na yawo a iska yana sauka a kan mayafan mata.

A tsakiyar tsinka motar ta fara kasala. In na taka totur sai ta yi nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya, gaɓar tur'a ma sai da giya ɗaya take hawa. A makon ne saƙo ya zo daga garin Dindir cewa yayar Innata tana kwance, kuma sunan Inna take ta kira. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna ba ta iya jure jijjigar babbar mota saboda ƙirjinta, sai na ce ta ba ni kwana biyu in gyara tawa in kai ta da kaina.

Ranar da na buɗe injin, Inna na zaune a inuwar darbejiya, ƙullin kayanta a gefe. Ta saurari motar, ta ce ita dai a kunnenta numfashi abin nan yake nema, haka ƙirjinta ke yi duk shekara in auduga ta buɗe. Wallahi dariya na yi. Na ce mata mota ba mutum ba ce, ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Na canza filtar mai, na wanke tanki, na kwance nozul, na kai famfon mai har Sinnar aka duba aka ce lafiyarsa lau. Kwana biyu suka zama goma sha ɗaya. Kullum da safe Inna takan fito da ƙullinta, da la'asar ta mayar.

Da na gaji na kira wani tsohon makanike mai gyaran injinan ban ruwa. Bai taɓa sifana ba. Ya ɗaga kujera, ya buɗe gidan filtar iska, ya zaro ta a tattare da auduga kamar an ɗinka mata matashi. Ya kakkaɓe, ya hura, ya ce in tayar. Motar ta ɗauka garau.

Washegari muka kama hanya, mota na gudu, Inna na kallon gonaki tana ba ni labarin yadda suke wanka a bakin kogi suna yara. Mun isa Dindir muka tarar da tabarmi a ƙofar gida. Aka ce mana jiya da azahar aka kai yayar Inna makwancinta.

Inna ba ta zarge ni ba har ta bar duniya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ku masu mota, in inji ya rasa ƙarfi ku fara da iskar da yake shaƙa kafin ku kwance manyan kaya. In kuma tsohuwa ta yi magana, ku duba kafin ku yi dariya. Ni minti biyar na duba filtar na hana Inna.