Haƙori Ke Damun Manu Ranar da Na Ɗauke Shi Hoto

Da daminar bana Manu ya cika shekara tara a ƙasa. Ni ban yi boko mai zurfi ba, a aji biyu na sakandare na ajiye, saboda haka mai neman Hausa mai ado ya juya shafi. Mai hoto ne ni a Birnin Gwari, na fasfo da biki da suna. Manu kuwa Bafulatani ne makiyayi, rugarsu na can gefen Tabanni. Tun muna yara muke tare. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Sarkin Rowa, don bai taɓa miƙo mini ƙwaryar nono ba sai da mita.

Wata ranar kasuwa ya shigo shagona kumatu a kumbure. Haƙori ne. Ya naɗe fuska da rawani har hanci, ido kaɗai a waje, sanda a kafaɗa. Na yi dariya har sai da na zauna. Na ce ya tsaya in ɗauke shi, in ya warke in nuna masa yadda ya koma.

"Kaɗo, ba ka da imani," in ji shi. "Ɗauka, amma kada shanuna su gani, raina ni za su yi."

Na ɗauka, na wanke, na manna a allon ƙofar shago.

Bayan wata biyu wani ɗan jarida ya zo daga Kaduna neman labarin daji. Tsoro ya hana shi wuce tasha. Ya ga hoton, ya ce yana so. Na cire na ba shi, har ina murna aikina zai shiga jarida. Ban tambaye shi me zai yi da shi ba. Wannan laifina ne, kuma ba na neman mai taya ni ɗauka.

Hoton ya fito a kan labarin 'yan bindigar da suka tare hanya. An yanke shi daga ƙirji, sandar ta rage ɗan guntu a bayan kafaɗa, duk wanda ya gani ya ce bakin bindiga ne. Can ƙasa, da Turanci, da rubutu ƙanana kamar kwarkwata, an sa wai hoton misali ne. Wa ke karanta wannan a ƙauyukanmu irin su Randagi? Hoto ake kallo. Kuma Manu na da tabo a girar hagu, inda saniya ta taɓa tunkuyinsa. Duk wanda ya taɓa sayen maraƙi a hannunsa ya gane shi.

Na hau mota har Kaduna. Na yini a benci kafin mai tsara shafin ya fito, saurayi mai ladabi, har ruwa ya ba ni.

"Baba, ai ba mu ce shi ne ba," in ji shi. "Shafi ba ya tafiya ba hoto. Ado ne kawai, kamar a ce mun sa mai zane ya zana mana ɗan bindiga."

Na ce masa zane ba shi da mata, ba ya cin kasuwa, ba wanda zai tare zane a hanya ya ce sauko daga babur. Ya ce za su duba. Har yau suna dubawa.

Sau biyu aka tare Manu, waya a hannu, ana gwada fuskarsa. Na biyun da ƙyar wani dattijo Bagwari, maƙwabcin rugarsu, ya ƙwace shi. Daga nan ya daina shigowa gari. Ya kwashe iyali ya matsa ciki, wajen dajin Kamuku, inda ba mai nuna shi da yatsa. Can 'yan bindigar gaske suka same shi, suka kora shanun, suka bar shi kwance. Da labarin harin ya bazu a wayoyi, hotonsa aka ɗora a kai. Shi ne gawar, shi ne kuma makashin.

Yanzu an ce na'ura na ƙera fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba. Na ji masu ilimi a rediyo suna gardama, wai sa irin wannan a kan labari ƙarya ce, hoton gaske ya fi. Ni dai na ce ku yi ƙaryar, aƙalla ba wanda za a binne. Da Manu na nan na san abin da zai ce: to Kaɗo, tunda an samu wanda ba shi da uwa, ni me kuma ake nema da ni? Amma har yau ba a ƙyale hotonsa ba. Na gan shi a kan labarin Zamfara, na gan shi a kan na Neja, na gan shi a kan na wata ƙasa da ban ma iya kiran sunanta ba. Wanda ya ɗora bai san Birnin Gwari a gabas take ko a yamma ba.

Me ya rage na Manu? Shanu sun tafi. Inda rugar take ciyawa ta cinye. Sai 'yarsa Dije, wadda ya bari tana shekara huɗu, ba ta riƙe kamanninsa ba. Uwarta ta sa na rantse ba zan taɓa gaya mata labarin hoton ba, kuma ban gaya mata ba.

Makon jiya Dije ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofar shagona, ta zaro wayar ƙawarta ta miƙo mini. Hoton nan ne a kai.

"Baffa, ka ga irin mutanen da suka kashe Babana. Dubi idonsa, ba tausayi ko kaɗan. Duk salla sai na yi masa Allah ya isa." Ta tsaya tana kallona. "Ba ka ce amin ba, Baffa."

Na ce amin. Ita da mai rawanin take, ni da wanda ya ɗauki hoton.