Kawu Behic, Mai Filin Kusurwa Uku

Mutanen Kuyulu manoman alkama ne da zaitun, da wasu 'yan gidaje masu kiwon tumaki da matansu ke yin cukun hellim. Suna da makaranta, suna da shagon gahawa, suna da ƙungiyar ƙwallo tun kafin a raba tsibirin Kubrus. Abin da suka rasa kusurwa ɗaya ce ta filin wasansu. Shekarar yaƙi, da aka zo jan waya mai ƙaya tsakanin Turkawan arewa da Girkawan kudu, wayar ta yanki filin a karkace, ta bar kusurwar hagu ta gefen kudu a cikin ƙasar da ba mai shiga sai sojojin sulhu masu shuɗiyar hula. Suka kuma rasa abokan karawa, domin hukumar ƙwallo ta duniya hukumar kudu kawai ta sani, ba ta san ta arewa ba. 'Ya'yanmu da junansu suke wasa, kofin da suka ci kuma ba ya tsallake ruwa.

A wannan fili Kawu Behic ya tsufa. Kowace safiya kafin yara su fito makaranta yana can, yana jan wani tsohon gadon ƙarfe a bayansa yana baje ƙasa, domin filin ba ciyawa. Ya tsince tsakuwa, ya yayyafa ruwa da tiyo, sannan ya zauna a gindin zaitun ya karya da burodi da cuku. Ranar Juma'a yake kwaɓa farar ƙasa, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya tura ɗan kekensa mai gwangwani yana zana layi. Kusurwa uku yakan fitar da su tsaf. In ya zo ta huɗu sai ya karya layin ya biyo jikin waya, ya bar ɗan rata don kada yaro ya yage hannu.

Shi ne ya je bakin teku ya roƙo tsofaffin tarunan masunta, ya ɗinke su da hannunsa, ya rataya a bayan ragar kudu don ƙwallo ta daina faɗawa inda ba a ɗaukowa. Matan ƙauyen sun ga yadda igiyar ta farfasa masa yatsu. A wannan raga yara suke atisaye kullum, saboda ta arewa tana kallon tagogin makaranta kuma an hana bugu can sai ranar gasa. Haka duk ɗan Kuyulu da ya taso a gefen hagu ya saba da abu ɗaya: kafin ya kai ƙarshen fili sai ya lanƙwasa ya shigo ciki, yana ɗan ɗage gwiwar hannu. Ko a filin wani gari haka yake yi. Duk arewa an san mu da wannan. Masu tsaron baya sukan ce wa juna, "Bar masa gefen, ɗan Kuyulu ne, da ƙafarsa zai kawo maka ita." Kawu Behic yakan ji ya yi dariya tare da kowa.

Dariyar ta ƙare a kan jikansa Ediz, ɗan 'yarsa. Yaron bahago ne, ga gudu, ga natsuwa. Wani mai horar da matasa a kudu, Neofitos, ya gan shi a gasar makarantu ya ce a kawo shi gwaji. Ƙungiyar kudu kuwa ita ce ƙofar da ɗan tsibirin nan zai bi duniya ta gan shi. Kawu Behic ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya kai yaron da kansa ta mashigar kan iyaka.

Filin kore shar, kusurwa huɗu, kowace da tutarta. Ediz ya karɓi ƙwallo ya yanke mutum biyu, gabansa fili fetal har bakin tuta. Sai ya lanƙwasa, ya ɗage gwiwar hannu, ya shige tsakiyar masu tsaron baya, suka ƙwace. Ya sake samu, ya sake yin haka. Kawu Behic yana tsaye bakin fili da hularsa a hannu, yana gane daidai wurin da yaron yake juyawa.

Neofitos ya matso kusa da shi, domin tsohon yana jin Girkanci tun na yarinta.

"Baba, yaron nan yana da ƙafa. Amma me yake gudu a can gefen? Ko akwai kare ne ni ban gani ba?"

"Ba kare. Layi yake bi."

"Layin ai ga shi can nesa."

"Nawa yake bi," in ji Kawu Behic.

Neofitos bai gane ba, bai kuma matsa ba. Ya ce ba zai iya ɗaukar ɗan gefen da yake tsoron gefe ba, amma a dawo da shi baɗi in ya gyaru. A mota Ediz ya tambaya, "Kaka, me na yi?" Tsohon ya ce, "Abin da aka koya maka."

Cikin damunar shekarar maganar haɗe hukumomin ƙwallo biyu, ta arewa da ta kudu, ta taso, aka ce kowace ƙungiya ta faɗi ra'ayinta. Aka taru a shagon gahawa ranar Lahadi bayan azahar, aka ture karta gefe. Zihni mahauci, shugaban ƙungiyarmu, shi ya fara magana, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Mahaifinsa ya fita shekarar yaƙi bai dawo ba. Ya ce na kudu sun fi mu yawa, sun fi mu filaye, in aka haɗu ba haɗuwa za a yi ba, haɗiye mu za a yi. Ya ce sunan ƙungiyar da iyayenmu suka kafa zai koma can ƙasan jeri inda ba mai karantawa.

"Kuma ranar da aka haɗe," in ji shi, "masu duba filaye za su zo da igiyar awo. Fili mai kusurwa uku wa zai yarda da shi? Rufewa za su yi, mu koma 'yan aro a birni. Kawu Behic, kai da filin nan ya ci wa gwiwa, faɗa musu da bakinka."

Kawu Behic ya tashi da ƙyar, ya dafa tebur.

"Gaskiya ne, rufe shi za su yi. Ni ma in ni ne mai awon, rufewa zan yi."

"To, kun ji."

"Ban gama ba, Zihni. Ni ina ganin a haɗe."

Wani daga baya ya ce, "Sau ɗaya ya taka ciyawar kudu, har ta hau masa kai."

"Ta hau," in ji tsohon. "Na ga jikana yana kauce wa wayar da babu ita. Kai ma, Zihni, haka kake gudu lokacin da kake da gashi, ɗanka ma haka. Muna ta dariya. Ni na zana muku wannan karkatar, kowace Juma'a, da hannuna. Tsoronka na haɗiya ban ce ƙarya ba ne, ni ma ina da shi. Amma yaran nan ba su ga yaƙin ba, jikinsu ne kawai yake ɗauke da shi."

"Wato ubana ya tafi a banza," in ji Zihni, murya ƙasa ƙasa.

"Ubanka abokin yayana ne, tare muka neme shi. Ban san amsar wannan ba, ɗana. Ta fili kawai na sani."

Aka ɗaga hannu. Masu goyon bayan tsohon ba su cika tebur ɗaya ba. Can a birane ma maganar ta yi ta ja har ta kwanta, kamar yadda irinta ta sha kwanciya. Filin ya tsira. Kujerar Kawu Behic a shagon gahawa kuwa aka fara ajiye buhu a kanta, in ya wuce a ce, "Ga wakilin kudu nan." Ranar Juma'a ya kwaɓa farar ƙasarsa ya zana musu layi kamar kullum.

Da aka girbe alkama, ya roƙi aron wata gona a arewacin ƙauye, ya zana cikakken fili a kan kututturan kara. Kowace safiya kafin rana ta yi zafi yana can da Ediz. Yakan tsaya daidai inda yaron yake juyawa, ta ciki, ya tare hanya da jikinsa. "Wuce. Ba komai a gabanka. Wuce har tuta." Sau da yawa yaron ya banke shi sun faɗi tare. Ya ɗan gyaru, amma da ya koma atisayen yamma da abokansa a tsohon fili sai karkatar ta dawo. A nan ne tsohon ya yanke hukuncin da ya fi masa ciwo.

"Daga yau kada ka sake taka filina."

"Kaka, duk abokaina can suke."

"Na sani."

"Za su ce na gudu."

"Za su ce. Ka ce ni na kore ka, ai gaskiya ne."

Yaron ya yi makonni ba ya gaishe shi sai da ido. Da shekara ta zagayo Neofitos ya ɗauke shi. Yanzu uwarsa ce take kai shi ta mashigar kan iyaka, kuma ban da ita da kakan ba ɗan Kuyulu da ya taɓa zuwa kallonsa. Ko zai yi nisa, ba wanda ya sani. Ƙannensa da sa'o'insu suna nan suna juyawa a inda iyayensu suka juya.

Kawu Behic, bana gwiwa ta ce ya isa, ka ajiye keken farar ƙasa. Kai ne ka riƙe mana wurin wasa a lokacin da ba mu da komai sai shi. Kai ne kuma ka tsaya gaban mutanen da kake shan gahawa da su ka ce abin da ka ba rayuwarka ya yi wa 'ya'yanmu kaɗan. Ban san ko haɗe hukumomin zai zo mana da alheri ba, na zauna da Zihni na kuma zauna da kai, kowa da abin da yake masa ciwo. Amma na san ba ka yi magana don kanka ba, domin da an bi taka, kai ne farkon wanda zai rasa. Mun gode, mai zana layi. Mu malamai da iyaye da masu riƙe da ƙungiyoyi, ya kamata kowa ya je wurin da ba nasa ba ya kalli yaran da ya koyar, ya ga abin da ya sa musu a jiki ba da niyya ba, in ya gani kuma ya faɗa.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi wa Kawu Behic sallama kafin wasa. Mutane ba su da yawa. Zihni ya miƙa masa rigar ƙungiya, suka gaisa ba su haɗa ido ba. Ediz yana tsaye a wajen fili, hannu a aljihu. Da aka watse ya ce, "Kaka, yau ma ba zan shigo ba? Keken kawai zan tura maka gida."

"Tsaya nan, zan fito da shi."

Yaron ya tsaya, yana kallon tsohon yana turo keken a hankali, yana hutawa, har ya kawo shi bakin layi. Ranar ce Ediz ya gane cewa ba don fushi kakansa ya kore shi ba, kuma korar ta fi yi wa tsohon ciwo fiye da yadda ta yi masa.