Wayar da Baba ke maƙalewa a kafaɗa

"Ni hannu na kawo miki, 'yata, me ya kai ki wuyana?"

Haka Baba ya ce wa likita a Bawku, har da ɓata rai. Wata uku hannunsa na dama yana zogi tun daga kafaɗa har yatsu. Tela ne, ga shi almakashi ya soma suɓuce masa. Mma, mahaifiyata, ta shafa masa man zafi har ta gaji, shi ne na taso daga Yendi muka kai shi asibiti.

Likitar ta ce jijiyar hannu daga wuya take fitowa, idan ta matse a can, a hannu ake jin ciwon. Ta tambaye shi ko yana daɗewa da wuya a karkace.

Baba ya ce sam.

Mma ta nuna ni ta ce, "Alhaji, faɗi gaskiya. Kullum yarinyar nan ta kira, a kafaɗa kake maƙale waya kana yanka yadi, sai ku yi awa guda."

Na ce, "Haba Baba, me ya hana ka ce in kira an jima?"

Ya ce, "In na ce an jima, aiki zai ɗauke miki hankali, in wuni ban ji muryarki ba."

Wallahi na kasa ɗaga kai.

Yanzu yana motsa wuyan yadda aka koya masa, na kuma saya masa abin amsa waya na sawa a kunne. Hirarmu ta koma awa biyu.

Ku fa, wace wahala iyayenku ke sha dominku ba su faɗa ba?