Duwatsun da muka bar wa Kawu

Mun tashi da asuba daga Tawa, ana sallame salla muka hau kekuna, mu biyar, muka ɗauki hanyar Barmu. Huɗu daga cikinmu 'yan ƙungiyarmu ne ta masu hawan keken dutse, wanda a nan muke kira betete. Kekunan namu duk kwance muka saye su, an gama cin amarcinsu a Turai kafin su iso mana. Nawa yana da sifirin a gaba mai shanye gargada, da tayoyi masu kauri da haƙora. Na makanikenmu har a baya yana da sifirin, shi ya sa yake zama a kai kamar wanda aka naɗa sarauta.

Na biyar kawuna ne, wan mahaifiyata, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Tun da ya ga hotunanmu a waya ya kafe sai ya bi mu. Kekensa baƙi ne irin na da, mai nauyin tsiya, giya ɗaya, birkin ƙarfe, da siririyar taya wadda ta suɗe sumul. Na ba shi aron na wani abokina, ya ce shi ba ya hawan abin da bai san halinsa ba. Kawu yana da hawan jini, kullum da ƙwayoyinsa a aljihu. Inna ta biyo ni har zaure a daren da za mu tashi, ba ta ce komai ba sai cewa in maido mata da ɗan'uwanta yadda na ɗauke shi. Don in rage masa nauyi, na kwance jarkar ruwansa na ɗaure a bayan nawa keken. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kaka ce, ko'ina ana yankan gero, amalanken jakai suna ta shigowa gari da dammuna. Da hantsi muka tsaya wurin wani mai shayi a bakin hanya. Kofin shayi da madara dala talatin, ƙosai kuwa sun ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Wata mata ta kawo cuku a faifai, muka saya muka cusa a aljihu. Mai shayin ya daɗe yana kallon hulunan kwanonmu da matsattsun wandunanmu, sannan ya tambayi Kawu ko shi ne ya ɗauko mu aiki.

A nan ne makaniken ya buɗe darasinsa, wanda mu mun haddace amma Kawu bai taɓa ji ba. Ya ce wasan nan wasu samari ne suka fara shi a tsaunukan Amurka. Tsofaffin kekuna masu nauyi da aka yasar suka tsinto, suka sa musu tayoyi masu faɗi, suka riƙa gangarowa daga kan tudu a guje har man birkin ya ƙone, sai an sake cika shi kafin a koma. Daga baya ne aka ƙara giya, aka rage nauyin ƙarfe, aka kawo sifirin. Kawu ya shafa sirdin kekensa ya ce ashe kakan namu ya hau, to mu riƙa gaishe shi. Daga nan har ƙarshen tafiyar ba wanda ya sake kiran keken da wani suna sai Kaka.

Muka bar babbar hanya muka hau fako. Wanda bai san yankinmu na Adar ba ya ɗauka ƙasar shimfiɗe take. Ina! Tudu ne na baƙin dutse, ka yi ta hawa kana haki, sai kawai ƙasa ta tsage a gabanka, ga kwari kore shar da gonaki. A hawa, mu muna sauya giya, Kawu yana sauka ya tura. Bai yi ƙorafi ba, amma mun fara gajiya da jira, gaskiya ke nan.

A wata rijiya Kawu ya gamu da wani dattijo da suka yi zaman Abijan tare, suka kama gaisuwar da ba ta ƙarewa. Muna gefe muka yanke shawara irin ta masu keken dutse: mu wuce gaba mu more gangaren, duk inda hanya ta rabu mu jera duwatsu a tsakiyarta kamar kibiya, su nuna inda muka bi. Haka muke yi wa juna kullum. Na ɗauka makaniken ya gaya wa Kawu, shi kuma ya ɗauka ni na gaya masa, tunda kawuna ne. Abin da kawai Kawu ya ji daga bakina shi ne ya taho a hankali, muna gaba.

Gangaren nan ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ka ɗaga daga sirdi, ka tura jikinka baya, yatsu biyu a kan birki, tsakuwa tana tashi a bayanka. Mun yi ihu kamar yara. Muka jera kibiyarmu a mararraba ta farko, muka jera a ta biyu, muka sauka cikin kwari muka zube ƙarƙashin wani gawo muna cin cuku.

Rana ta take, Kawu bai iso ba. Na tashi in sha ruwa, hannuna ya faɗa kan jarkarsa, cike take, ɗaure a kekena. Na ciro waya, babu rezo ko ɗigo.

Ni da makaniken muka juya, muka bar sauran biyu a gindin gawon ko zai ɓullo ta wata hanya. Gangaren da muka yi wa ihu ya zama hawa, ga zafi kamar a bakin tanda. A mararraba ta biyu kibiyarmu tana nan yadda muka bar ta. A ta farko kuwa babu ita. An share hanyar tas, an tara duwatsun a gefe cikin tsari, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ɗaya hanyar ta fi tamu faɗi, kuma arewa ta nufa. Kowa ya san yanzu ba a son mutum ya yi nisa ta can shi kaɗai, saboda rashin tsaro. Na tsaya ina kallon tarin duwatsun nan ina tunanin wane ne ya kwashe su, kuma don me. Babu irin mugun tunanin da bai zo mini ba, kuma a ƙarƙashinsu duka muryar Inna ce a zaure.

Tayar Kaka ce ta taimake mu. Namu tayoyin suna barin sawu mai haƙora, nasa kuwa siririn layi ne kamar an ja igiya a ƙasa. Muka gan shi a yashi ya bi hanyar arewa. A kan dutse ya ɓace, mu sauka mu yi ta dube-dube, can gaba ya sake fitowa. Wani wuri layin ya fara karkacewa, sai kuma ga sawun takalmi a gefensa, alamar ya sauka yana turawa. Muka ƙara sauri muna bin sawun.

Baƙin keken muka fara hangowa, jingine da wata aduwa. Sannan awaki. Sannan mutum biyu a inuwa, ɗaya da rawani ya rufe fuska, ɗaya da hular da na sani. Kawu yana zaune, an jiƙa masa ƙyalle an ɗora a ka, mai rawanin kuma, wani makiyayi Ba'abzine, yana fifita gawayi ƙarƙashin 'yar butar shayi. Na jefar da keke na durƙusa na kama hannunsa. Ban san hawaye nake yi ba sai da makiyayin ya kawar da kai.

Kawu ya ce jiri ne ya kwashe shi, ya zauna a nan bai san iya lokacin ba. Da mutumin ya zo, kalma ɗaya ta harshensu ya tuna, aman, wato ruwa, ita ya faɗa, aka kwance masa salka. Ya sha maganinsa, ya dawo hayyacinsa, har ya fara faɗa.

"Ɗana, mutanen zamanin ga ba su da tausai," in ji shi. "Iske na yi an jera duwatsu tsakar hanya, nan inda amalanke ka bi. In jaki ya yi tuntuɓe da kaya hwa? Na sabka na kwashe su sarai."

Makaniken ya dube ni, na dube shi. Kawu mutum ne da ko ƙaya ya gani a hanyar masallaci sai ya duƙa ya ɗauke, tun ina yaro na san shi da haka. Na gaya masa gaskiya, cewa mu muka jera su, alama ce muka bar masa. Ya juya ɗan kofin shayin a hannunsa.

"Ashe dutse kunka bari shi jira ni," ya ce a hankali.

Makiyayin ya ƙi karɓar ko sisi, sai cukun da ya rage a aljihuna, shi ma don Kawu ya matsa. Muka jira rana ta yi sanyi, makaniken ya je ya kira sauran, muka samu amalanke ya kai Kawu da Kaka bakin babbar hanya, daga nan motar kasuwa ta ɗauke mu duka. Ana kiran magariba muka shigo Tawa. Inna tana tsaye a ƙofar gida. Ta dubi wanta daga sama har ƙasa, ta dube ni, sannan ta ce a shigo abinci ya huce. A rayuwata ban taɓa cin tuwo mai daɗin na ran nan ba.

Masu tambaya ko Adar ta yi wa keken dutse, ta yi ƙwarai, ku zo da faci da famfo. Amma mun sauya doka a ƙungiyarmu. Ruwan kowa a kekensa yake zama, komai nauyinsa. A mararraba kuma ba ma jera duwatsu, ɗayanmu ne ke tsayawa har na ƙarshe ya iso. Kawu ya ce zai sake bin mu bayan an gama kai amfanin gona gida, kuma ni ne zan tsaya.