Wayar jona batir da hoton ofishin manaja

Shekarun baya, lokacin da korona ta fara sassautawa a Doha, ina direba a wani kamfanin haya, aikina jigilar zannuwan gado daga otal-otal ɗin Lusail zuwa wajen wanki. Matata ta haihu a Kano ana tsakiyar kulle, 'yata ban taɓa ganinta ba sai ta waya.

Manajanmu Ba'indiye ne. A bangon ofishinsa akwai hoton wani attajirin ƙasarsu tsaye kusa da ƙaramin jirgi. Kullum da safe sai mun sha tarihinsa: shi ne na farko da ya samu lasisin tuƙin jirgi a ƙasarsu, da kansa ya riƙa kai wasiƙu ta sama, ga masana'antu birjik. Labarin da manaja ya fi so shi ne na wata gasar jirage, inda mutumin ya tarar da abokin gasarsa jirgi ya ƙi tashi, ya ciro fulogi ya ba shi, wancan kuma ya riga shi isa. Manaja kan dafa ƙirji ya ce, "Ku zama irinsa." Ni kuwa, sarkin ɗaukar magana, na haɗiye har da ƙashi.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, aka ce za a gwada direbobin da za su ɗauki manyan baƙi. Wanda aka zaɓa zai je gida hutu kafin a fara. Wuri ɗaya ya rage, tsakanina da abokina, ɗan Zangon Kumasi.

Ranar gwaji na fito da wuri, sai na gan shi a unguwar Bin Mahmud ya buɗe bonet ɗin motarsa, gumi na ɗiga. Ya ce, "Ɗan'uwa, mota na ya ƙi tashi, batir ya mutu." Na juya, na ɗauko wayar jona batir na jona masa. Ya tashi ya wuce. Ni kafin in naɗe wayar in fita daga lungun, motar shara ta tare ni. Na makara da 'yan mintuna.

Manaja ko kallona bai yi ba, ya ja biro a kan sunana. Na yi masa bayani. Ya ce, "Wa ya aike ka? Mutum ya taimaki abokin takararsa, ai wawanci ne."

Na nuna hoton da ke bayansa, na ce, "Oga, shi fa wannan?"

Ya ɗan waiga, ya yi dariya. "Wannan babban mutum ne. Kai direba ne. Yalla, khalas, tafi, magana ta ƙare."

Ashe kirkin da yake mana wa'azinsa na masu jirgi ne, mu namu sunansa wauta. Abokina ya je ya roƙi manaja sau biyu, ya kore shi. Ban taɓa jin haushin abokina ba, haka ma dattijon cikin hoto, shi ya yi abin da ya yi da zuciya ɗaya. Haushina na kan wanda ya rataye shi a bango don ado.

Na koma kan zannuwana har aka gama gasar. Wayar tana but ɗin motata har yanzu, kuma gobe ma zan jona wa wanda ya maƙale. Amma ranar da na isa gida, 'yata tana tafiya da ƙafarta. Na durƙusa na miƙa hannu, ta ruga bayan uwarta tana kuka.