Malam Ashafa, Mai Kyauta da Ajinsa

Da an sallame sallar asuba, Malam Ashafa ba ya komawa gida. Sai ya ratsa ta madafa ya ɗanɗana kunun yara, in ruwa ya yi yawa ya faɗa wa masu dahuwa ba kwana-kwana. Daga nan ya leƙa ɗakunan kwana ya ga wa ya tashi da zazzaɓi, wa ya tashi da kewar gida. Ƙarshen zagayen kullum ƙofa ɗaya ce, ta malamin da ya fi kowa sabunta. Zai ƙwanƙwasa, ya jira shi ya sa riga, su taho aji suna hira. Haka yake yi tun shekarar da aka ba mu mulkin kai, lokacin da aka buɗe firamaren kwana da ke tsakanin Kankiya da Kusada, har zuwa bara.

Makarantar nan gari ce guda. Yaran Tafashiya da na Kunduru da na ƙauyukan da ko kasuwa ba ta haɗa su, a nan suka ci tuwo a kwano ɗaya. Da kaka iyaye kan kawo dami-dami na gero, su zauna su sha fura da malamai. Baƙon malami kuwa ba ya hura wuta, a zauren Malam Ashafa yake cin girkin uwargidansa Hadijatu. In ya ga yarinya a gari, Malam ne wakilin ango. Ana ma tsokanarsa cewa ya aurar da malamai fiye da yadda ya yaye ɗalibai.

Amma ba don wannan nake jinjina masa ba. Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa jin irinta a wata makaranta ba. Zai ɗauki aji tun yaran ba su iya riƙe alƙalami da kyau ba, ya sha wahalarsu shekara da shekaru, sai sun kai ajin ƙarshe, jarrabawa ta matso, ya miƙa su ga sabon malami. Shi kuma ya koma ƙasa ya ɗauki wasu danyu. In yara suka ci, sunan sabon malamin ne ke zuwa ofishin ilimi. Daga nan sai a zaɓe shi kwas a kwalejin horon malamai, ya samo babbar takardar malanta. Malam Dauda, wanda suka fara aiki tare, ya ce ya sha yi masa faɗa, don ko da aka ba shi kansa gurbin kwas ɗin, wani ya tura. Amsar Malam Ashafa ba ta canzawa: yaro ne, yana da sauran tafiya, ni ina nan.

Kai ne ka shuka, Malam, ka yi noma, ka kira wani ya yi girbi, ka tsaya gefe kana murna. Gwanin reno, ban san yadda zuciyarka ta iya ba.

Da fari abin ya yi kyau, masu zuwa kwas suna dawowa. Sai kuɗin man fetur suka shigo. Wanda duk ya riƙe babbar takarda, kamfani na kiransa, ma'aikata na kiransa, ga bashin mota. Wannan ya tafi Kaduna, wancan Kano, wani ya zama ɗan kwangila. Abin da ke ci mini rai shi ne, hannun Malam ne ya buɗe musu ƙofar. Duk wanda ya ɗaga, sai ya ɗaga shi daidai inda za a hango shi a ɗauke.

Rannan ofishin ilimi ya aiko cewa makarantar kwana ba za ta ci gaba ba sai da shugaba mai babbar takarda, in babu za a mai da ita jeka-ka-dawo. Aka duba, ba kowa. Saura mutum ɗaya da ake sa rai, Ma'aruf, ɗan Kunduru, wanda ya yi karatu a makarantar, ya dawo ya koyar, Malam ya ba shi aji ya kuma ba shi gurbi. Yana gab da gama kwas. Malam ya roƙi a ɗaga musu ƙafa, ya gyara masa gidan hedimasta da hannunsa, har ya sa aka yi sabon daɓe.

Ma'aruf ya dawo cikin motar wani kamfani. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya daɗe bai ɗaga kai ba. Ya ce ƙannensa da yawa, mahaifinsa ya tsufa, kamfanin ya ba shi aiki, albashin can ya ninka na nan.

"Baba, in ka ce in zamna, zan zamna."

Malam Dauda yana wurin. Ya ce shi dai addu'a yake Malam ya ce zauna, sau ɗaya a rayuwarsa ya nemi wani abu a hannun wanda ya rena. Sai Malam Ashafa ya ce, "Tashi ka tahi, Ma'aruf. Allah shi yi maka albarka. Ban koya maka don in ɗaure ka ba."

Washegari Malam ya sa babbar rigarsa ya hau mota zuwa ofishin ilimi. Ya ce wa jami'in, ranka shi daɗe, tunda ba kowa, a tura shi kwas ɗin, a jira shi ya dawo. Jami'in ya san shi, don shi ma ta hannunsa ya bi. Ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce shekarunsa sun wuce na shiga kwaleji, ritaya ma ta kusa.

"To," in ji Malam, "ashe na makara."

Da hutun ƙarshen shekara aka zo kwashe gadajen ƙarfe. Malam ya taya loda su. Yaran ƙauyukan nesa kusan duk sun bar karatu, don ba mai iya wannan tafiyar a ƙafa safe da yamma. Bana Malam ya ajiye aiki da ƙaramar takardar da ya shigo da ita. Yana nan Kusada yana noman gyaɗa.

Malam Ashafa, mun gode. Allah ya saka maka da abin da mu muka kasa. Al'ada ce a rufe irin wannan rubutu da kira ga jama'a su yi koyi, ni kuwa bakina ya yi nauyi, don na ga inda koyin ya kai mai shi. Duk da haka zan yi kiran, amma ba ga kowa ba. Ku da kuka hau ta kansa, kuna Kaduna, kuna Kano, kun san kanku. Ba a ce ku zama shi ba, wannan ya fi ƙarfinmu duka. Cikinku duka mutum ɗaya tak aka nema ya tsaya, ba a samu ba. Wata makarantar tana can tana neman nata ɗayan, kuma Malam yana da rai, zai ji labari.