Dillalin da Ba Ya Sakin Hannu

Yayana Ɗantsoho dillalin shanu ne a karar Maigatari, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da shi ya san riƙonsa. Idan ya cafke tafin mutum, shi ke nan, an shiga uku. Mai sa ya yi ta cewa albarka har maƙogwaronsa ya bushe, Yaya na riƙe da shi yana zuba, ba zai saki ba sai an ce an sallama. Fulani da mutanen Damagaram har tsokanarsa suke yi, wai in Ɗantsoho ya doso kowa ya cusa hannu a aljihu.

Mu Kiristoci ne, 'yan gidaje kaɗan a wani ƙauye bayan Ɗanzomo. Majami'armu ɗaki guda ce ta ƙasa, ba mu da fasto zaunanne, saboda haka ran Lahadi Yaya ne ke tsayawa a gaba. Baki kam Allah ya ba shi, kuma yana ƙaunar Yesu, ko ni da muke faɗa kullum ba zan hana shi wannan ba. Matsalarsa guda: ya ɗauki bangaskiya ma ciniki ce, in ka iya magana ka kuma riƙe mutum da kyau, dole ya sallama.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Cindo, yaro shiru-shiru da ya ɗauko halin uwarsa Zinariya. Shekarar da ƙanwar yaron ta rasu da zazzaɓi, bayan duk addu'ar da aka sha yi, Cindo yana saurayi, ya tambayi ubansa ko Allah ya ji su kuwa. Ai kuwa ya taro wa kansa. Yaron da ke neman wanda zai taya shi kuka, sai ya samu dillali. Kullum da yamma Yaya ya zaunar da shi a zaure, ya kama hannunsa kamar na mai sayar da sa, aya na bin aya. Kafin yaron ya kai ƙarshen tambaya, amsa uku sun riga shi.

Zinariya ba mai yawan magana ba ce, amma ran nan a gabana ta ce masa, "Maigida, ka faɗa masa, ya ji. Sauran aikin na Ruhu Mai Tsarki ne, ba naka ba. Ka sakar wa yaron nan hannu."

Yaya ya yi dariya, ya ce shi da yake raba Bafillace da bijiminsa, ɗan cikinsa ne zai gagare shi? Ni ma na sa baki, ya ce in je in ji da tukunyata.

Ƙarshen damina Cindo ya ce ya yarda. Aka gayyato fasto daga Gumel, aka yi masa baftisma a tafkin bayan gari, Yaya ya yanka bunsuru yana ta washe baki. Ni dai na kalli fuskar yaron da ya fito daga ruwa, raina ya ɓaci. Irin fuskar mutumin da aka fi ƙarfinsa da surutu ya sayar da dabbar da bai yi niyya ba.

Da rani Cindo ya ce zai je Kano koyon gyaran babur. Tafiyar ke nan. Labari ya riƙa zuwa mana cewa ba ya shiga majami'a, ba ya shiga masallaci, yana nan dai. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo, babu shi. Uwarsa yake kira a waya, da Yaya ya karɓa ya fara jawo aya, sai ka ji ɗif. Yaya ya yi ta shirya sababbin hujjoji da zai kayar da shi in ya zo. Zinariya kuwa addu'arta kawai take yi, tana daka tana yi.

Wata Alhamis ana tsakiyar ciniki Yaya ya yanke jiki ya faɗi a kara. Abokan aikinsa ne suka kai shi asibiti, suka kuma dawo mana da shi, ɓarin dama ya shanye, harshen nan ya yi nauyi, ko ruwa ba ya iya nema da baki. Na tausaya masa ƙwarai, don Ɗantsoho ba magana kamar ba shi ba ne.

Sai a lokacin Cindo ya zo. Ya same shi kwance a inuwar darbejiya da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi. Yaya ya miƙo hannun hagu. Yaron ya ba shi nasa, amma na ga jikinsa ya sandare, yana jiran abin da ya saba. Yaya ya riƙe, leɓensa na rawa, babu abin da ya fito sai hawaye. Can sai ya buɗe yatsunsa da kansa, ya bar tafin a shimfiɗe. Tun da nake ban taɓa ganin ya saki mutum kafin a sallama ba. Cindo bai janye hannunsa ba.

Ya zauna yana jinyar ubansa har aka yanke gero, sannan Yaya ya cika. Lahadin da ta biyo bayan jana'iza Cindo ya zo majami'a, amma a bakin ƙofa ya zauna. Ko yanzu yana addu'a a Kano, ban sani ba, kuma Zinariya ta hana kowa tambayarsa.

Ranar da zai koma na raka shi bakin hanya yana jiran babur. Muna tsaye sai ya dube ni.

"Gwaggo, ranar da ya sake ni, ranar na fara jin ina son ya yi addu'a tare da ni. Ga shi kuma babu bakin."